Taba mai ƙarfi ba ta son gaggawa: amsa ga wanda ta juya wa kai tun a rabi

Malam, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarka. Ka ce ka yi shekaru kana shan tabar naɗin hannu, wato cigar, irin masu sauƙin nan, sai kwanan nan ka gwada wata mai ƙarfi ta Nikaragwa, ba ka kai rabinta ba zufa ta karyo maka, kai ya fara juyawa, baki ya cika da ɗaci. Kana so ka sani ko jabu aka haɗa ka da ita, ko kuwa jikinka ne ba ya ɗauka. A ganina duk ba haka ba ne. Ka sha ta ne da saurin da ka saba shan masu sauƙi, ita kuwa ba ta yafe wannan.

Da farko ka raba abu biyu da mutane ke yawan cuɗawa. Akwai ƙarfi, wato yawan nikotin, wanda za ka ji shi a ka da ciki. Akwai kuma nauyin hayaƙi da cikar ɗanɗano, wanda za ka ji a baki. Taba na iya cika maka baki da ɗanɗano amma ba ta taɓa kanka ba, wata kuma hayaƙinta siriri ne amma kana miƙewa tsaye sai ka nemi abin dafawa. Kuma duhun ganyen waje ba shi ne ƙarfi ba. Baƙin ganyen da ake kira maduro ya yi duhu ne saboda an daɗe ana ruɓar da shi cikin zafi, sau da yawa ma zaƙi-zaƙi yake ƙara wa taba. Ƙarfin yana can ciki, inda ido ba ya gani.

Kara ɗaya kashi uku ne: ganyen waje, ganyen ɗauri da ke ƙarƙashinsa, sai na ciki. Na cikin nan ana haɗa shi ne daga hawa daban-daban na shukar. Ganyen ƙasa, bolado, ba shi da wani ɗanɗanon kirki, amfaninsa shi ne cin wuta. Na tsakiya, seko, shi ke kawo ƙamshi. Na sama, lihero, shi ne ya fi shan rana, ya fi daɗewa a jikin shuka, don haka ya fi kauri da maiƙo da nikotin. Duk tabar da aka ce maka mai ƙarfi ce, lihero aka cika mata. Akwai ma wasu ƙananan ganye biyu da kan fito a can ƙololuwa, ba a kowace shuka ba, mediyo tiyempo, su ne aka saka a tabar Kyuba mai suna Cohiba Behike da ta fito a 2010. Abin da ya shafe ka a nan shi ne lihero ba ya cin wuta da sauri, shi ya sa mai naɗi ke sanya shi a tsakiyar kara, ya kewaye shi da ganyen da ke ci da sauƙi.

To ga yadda za ka kama kanka. In toka ta faɗi, juyo bakin wutar ka duba. In ka ga garwashin ya ɗan yi tudu kaɗan a tsakiya, kana tafiya daidai. In kuwa ya yi tsini, ja wur, dogo, to ka ƙone gefe ka bar tsakiya a baya, wato zuƙarka ta yi yawa. A irin wannan zafin ne maiƙon ganyen ke ƙonewa maimakon ya narke a hankali, ɗacin nan da ka ji daga nan yake, kuma nikotin na shigar ka da yawa cikin ɗan lokaci. Ni dai ma'aunina zuƙa ɗaya a minti ɗaya, wani lokaci har in wuce haka in tabar ta yarda ba ta mutu ba. Zuƙar ma a hankali, doguwa, ba fizga ba. Tsakanin zuƙa da zuƙa ka ajiye ta, kada ka bar ta maƙale a baki. Hayaƙin wannan taba ba irin na sigarin kwali ba ne, ta fatar baki nikotin ɗinsa ke ratsawa, ko da ba ka haɗiye shi zuwa huhu ba. Wanda ya riƙe ta a leɓe yana tsotsar jiƙaƙƙen ganye, yana haɗiyar yawu, yana ƙara wa kansa kaso ne bai sani ba. Haɗiye hayaƙin kuwa, na san ka wuce wannan, amma waɗanda suka baro sigari sukan yi shi ba da niyya ba, musamman in hira ta yi daɗi.

Ba ka faɗi tsawon lokacin da ta yi a wurinka kafin ka kunna ba, amma yana da muhimmanci. Ana tara ganyen taba tuli-tuli don ya yi zafi da kansa ya fitar da amoniya, kuma lihero ne ya fi buƙatar lokaci. In ba ta gama kwanciya ba za ka ji wani ƙauri mai kartar maƙogwaro, wanda sabon shiga ke ɗauka shi ne ƙarfi, alhali ɗanyantaka ce kawai. Duk wadda na samu sabuwa sai ta huta makonni a akwatin danshi kafin in taɓa ta. Ana yawan faɗin danshi kashi 70 cikin ɗari, amma ga masu lihero da yawa ni na fi son kashi 65 ko ƙasa kaɗan. Ganye mai maiƙo in ya jiƙe da yawa sai ya toshe, ka yi ta ja da ƙarfi, ta yi ta mutuwa kana sake kunnawa, ka ga an koma gidan jiya. Zafin wurin ajiya kuma kada ya wuce digiri 21 da yawa, don zafi ne ke ƙyanƙyashe ƙwaron taba mai huda kara.

Batun ciki gajere ne: kada ka kunna mai ƙarfi da yunwa, kada kuma ta zama ta safe. Bayan ka ci ka ƙoshi, a zaune, da ruwa kusa. Ina son kofi tare da ita, amma in ka san kofi na sa maka bugun zuciya, haɗa shi da nikotin ba dabara ba ce. In jiri ya fara, ajiye ta nan take, ka fita inda iska ke kaɗawa, ka sha wani abu mai sukari. Masu sha da yawa sun shaida yana taimakawa, ni ma haka na gani. Kada ka ce sai ka ƙarasa don kada a ce ka gaza.

Yanka da kunnawa ka riga ka iya, sai dai abu biyu. Ka yanke ɗan kaɗan daga hular, wato rufaffen kan da ake sawa a baki, kamar milimita 2 zuwa 3, sannan ka ja iska ta ciki kafin ka kunna. In jan ya yi tauri sosai, gara ka mayar da ita ta ƙara bushewa, don mai ƙarfi da ta toshe azaba ce. Wutar kuma ta gas ko dogon ashana, ba laita mai fetur ba, ka gasa bakin kana juyawa ba tare da harshen wuta ya taɓa ganyen ba, har kewayen ya kama gaba ɗaya.

Yanzu ga inda daɗin yake, tunda ba don wahala ake sha ba. Yawancin masu ƙarfi na Nikaragwa da yaji suke buɗewa. Zuƙar farko-farko za ka ji kamar masoro a bayan harshe da hanci, mutane da yawa a nan suke yanke mata hukunci. Ka yi mata haƙuri santimita ɗaya ko biyu. Yajin zai lafa, sai wasu abubuwa su fara fitowa daga ƙarƙashinsa: ɗacin koko, gasasshen kofi, warin fata, wani lokaci da ƙamshi kamar na ƙasa in ruwan fari ya sauka. Tsakiyar kara ita ce wurin zama. In kana so ka ji su sosai, ka fitar da mafi yawan hayaƙin ta baki, ɗan ragowar ka rufe baki ka turo shi ta hanci a hankali. Da mai sauƙi kana iya yin haka kusan kowace zuƙa, da mai ƙarfi kuwa jefi-jefi, in ba haka ba idonka zai kawo ruwa, hancin kuma ya daina jin komai.

Kashi na ƙarshe shi ne mai haɗari. Duk hayaƙin da ya ratsa ta cikin kara ya bar maiƙo da nikotin a gindin, ga wuta ta matso kusa. A nan ya kamata ka ƙara rage gudu. In ɗaci ya fara, hura iska a hankali ta cikinta zuwa waje na ɗan daƙiƙu, tsohon hayaƙin ya fita, sau da yawa takan gyaru. In ba ta gyaru ba, ta gama abin da za ta ba ka. Ka ajiye ta ta mutu da kanta, kada ka murƙushe ta, warin da ke tashi in an murƙushe ba ya barin ɗaki da wuri. Ni ban ga birgewa a shan taba har ta ƙona yatsa ba.

Girma ma ka duba shi. Ana auna kauri ne da kashi 64 na inci, wato mai lamba 50 ta ɗan haura rubu'i uku na inci. Mai kauri tana ci da sanyi-sanyi, amma ganyenta ya fi yawa, za ka daɗe a kanta. Siririya tana saurin zafi, tana son hannun da ya ƙware. Don gwajin ƙarfi na fi ba da shawarar gajeriya mai matsakaicin kauri, irin girman robusto. Partagás Serie D No. 4 misali ce, kauri 50, tsawo milimita 124, kusan awa guda in ba ka yi gaggawa ba. Gidan Partagás tun 1845 yake a Habana, babban birnin Kyuba, ganyensa kuma daga yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Rio. Ita da Bolívar su ne ake lissafawa cikin masu ƙarfin Kyuba, amma a bakina ƙarfinsu na ƙasa-ƙasa ne, ba sa duka irin na Nikaragwa. A Nikaragwar ma ba duka ɗaya ba ne: ganyen yankin Esteli ya fi ƙarfi da yaji, na yankin Jalapa ya fi laushi da zaƙi. Padrón 1964 Anniversary, wadda ake ajiye ganyenta shekara 4, da 1926 Serie mai shekara 5, su ne ke nuna maka cewa ƙarfi na iya zuwa ba tare da kartar wuya ba. Joya de Nicaragua Antaño 1970 da Double Ligero ta La Flor Dominicana kuwa, ka bar su sai ka saba, waɗannan ba sa wasa.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, ko da yake ba shi ka tambaya ba. Babbar taba ɗaya na iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda, kuma rashin haɗiye hayaƙi bai kuɓutar da baki da harshe da maƙogwaro daga haɗarin ciwon daji ba. Tsadarta da kyan naɗinta ba su canza wannan ba. In kana da hawan jini ko matsalar zuciya, zufar nan da jirin ba abin da za ka koyi jurewa ba ne, ka ga likita tukuna. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba na mayar da mai ƙarfi abin kullum.

In akwai sauran irinta a hannunka, kada ka zubar. Ka bar ta ta huta wata guda a danshi 65, ka kunna bayan cin abincin dare, ka ajiye agogo a gabanka a karon farko don ka ga ainihin tazarar zuƙarka, za ka yi mamakin yadda minti ɗaya ke da tsawo. In ka yi duk wannan kan ya sake juyawa, to ka sauko zuwa masu matsakaicin ƙarfi, akwai masu cikar ɗanɗano da yawa a cikinsu. Ka faɗo mana sunanta da girmanta, wataƙila a cikinmu akwai wanda ya san halinta.