Kan sarƙar takarda da na yi ya kumbura ya yage, ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki. Dan Allah taimako nake nema, na ga ana yin kan sarƙa da takarda abin ya ban sha'awa sosai, sai na samu kwalin sabulu na yanka shi siffar zuciya na manna takarda mai ado a kai na shafe da jan farce mara kala. Wallahi ranar farko ya yi kyau, amma sau biyu kawai na sa shi ya lanƙwashe, gefen ya kumbura kuma wajen hujin ya yage. Shin dama haka abin yake ba ya ƙarko ko ni ce ban iya ba? So nake in fara yin na sayarwa. Daga ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, aiki da godiya. A'a ba haka abin yake ba sam. Kan sarƙar takarda in an yi shi da kyau sai ki ƙwanƙwasa shi a tebur ki ji ƙas ƙas kamar katako, wanda bai sani ba ma ba zai yarda takarda ba ce. Matan ƙabilar Acholi da yaƙin arewacin Uganda ya koro zuwa Kampala da takardun kalanda da na mujalla suke naɗa duwatsun wuya, ana fitar da su har Amurka da Turai, kinga kuwa abin da ba ya ƙarko ba zai yi wannan tafiyar ba.

Babbar matsalarki falle ɗaya kika yi. Kwalin sabulu komai kaurinsa a ido cikinsa sako-sako ne, gumi yana taɓa shi zai sha ya buɗe. Ƙarfin abin daga haɗa falle da yawa yake zuwa, ki nemi kati mai ɗan kauri irin na gayyatar biki ko bangon littafi ki yanka siffa iri ɗaya kamar guda 8 zuwa 10, in kika haɗe su za su ba ki kaurin milimita 2 zuwa 3, shi ne daidai. In farar takardar fotokofi ce mai giram 80, falle goma ma da ƙyar suke kai milimita ɗaya, sai kin tara da yawa, shi ya sa ni ban cika ɓata lokaci da ita ba sai dai a saman ado.

Sai wani sirri da ba kowa ke kula da shi ba, takarda tana da hanya kamar yadda itace yake da ita. Ɗauki jarida ki yaga ta tsaye ki sake yagawa a kwance, za ki ga ɗaya ta tafi ɗoɗar ɗayar kuma ta karkace. To in duk fallen suka kalli hanya ɗaya abin zai lanƙwashe ta wannan ɓangaren, dan haka wajen yanka ki dinga juyawa, wannan a tsaye na gaba a kwance, irin dabarar da ake yi wa katakon fulawud.

Gam ɗin kuma farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ya fi. Ki shafa shi siriri da buroshi har bakin gefe, kar ki zuba shi tuli a tsakiya ki ce zai bazu da kansa, wajen da bai samu gam ba nan ne zai fara ɗagowa. Kina gama jerawa ki goge wanda ya tsattso, ki sa shi tsakanin leda biyu dan kar ya manne, ki ɗora masa abu mai nauyi, ni littattafai nake tarawa in ɗora dutsen guga a kai. Ki barshi awa 24. Nan ne fa yawancinmu muke faɗuwa, zumuɗi ya hana mu jira, a taɓa waje a ji ya bushe alhali ciki da danshi, in kika rufe shi a haka kin kulle ruwa a ciki kenan. Da hunturu yana saurin bushewa, amma da damina ki ƙara masa kwana ɗaya ba asara. Kuma kar ki shanya shi a rana, murɗewa zai yi.

Ya bushe, sai sanfefa. Ki fara da mai ɗan kaushi ki daidaita gefen, ki gama da mai laushi har sai kin shafa da yatsa kin ji sumul ba ki jin layin fallen. Ni wannan wajen na fi so a duk aikin, lokacin da gefen ya fito da siraran layuka, in kin sa kati kala-kala a ciki sai su bayyana kamar bakin zanen saƙi, ba sai kin yi masa fenti ba ma.

Yanzu maganar huji, wanda ya yage miki. Kar ki huda kusa da baki, ki bar aƙalla milimita 3 tsakanin hujin da gefe, kuma sai ya bushe sarai sannan ki huda, da basilla ko ƙaramar ƙusa ki dinga murzawa a hankali. Bayan nan ki tsoma tsinken sakace a gam ki zagaye cikin hujin, ko ki ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya, takardar za ta shanye ta yi tauri kamar roba. In kina da hali ki je wajen masu kayan ɗinki ko masu takalmi ki sayi ɗan ƙarfen nan da ake sa wa hujin igiyar takalmi, ƙarami, shi zai hana zoben da ake rataye kan sarƙar da shi cin takardar. Zoben kuma in za ki buɗe shi da filaya ki murɗa shi gefe da gefe, kar ki ja bakin ya wage, ba ya komawa daidai.

Jan farce mara kala ba laifi in gwaji kike, amma na sayarwa ban ba ki shawara ba, yana tsagewa kuma yana komawa ruwan ɗorawa in ya jima. Kuma na tabbata sama kawai kika shafa kika bar gefe da baya, alhali bayan shi ke kwanciya a fata yana shan gumi. Ki fara shafa farin gam da kika ɗan sirka da ruwa, shafi biyu ko'ina, gaba da baya da gefe, sannan ki bi da banish mai haske, wato abin nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, shafi 3, kowane ki bari ya bushe kafin na gaba. Gam kaɗai bai isa ba domin in ya jiƙe yana yin fari ya yi laushi. Ki rataye shi da zare yana bushewa, ki kifa masa kwali dan ƙurar hunturu, in ta manne a banish ba ta fita sai da sanfefa.

Masu son ƙyalli kamar gilashi rezin suke zubawa, ruwa biyu ne ake haɗawa kuma awon da aka rubuta a jikin robar shi za ki bi daidai, in kika yi kuskure zai zauna yana danƙo har abada. Sai kin rufe takardar da gam tukuna, in ba haka ba rezin ya ratsa ta ta yi dabbare-dabbare kamar mai ya zuba. Ki sa safar hannu, ki yi a inda iska ke shiga, nesa da yara. Hoton da za ki manna kuma ki ba da a fitar miki da injin fotokofi ko firinta mai garin tawada, mai ruwan tawada gam na taɓa shi yake zuba.

Dan Allah ki dinga duba takardar kafin ki sa almakashi, katin biki da kalanda da yawa suna ɗauke da Bisimilla ko aya ko sunan Allah, waɗannan a ware su gefe.

Tunda sayarwa za ki yi, ki fara da guda biyar ki sa ɗaya a wuyanki sati guda kina aikin gida da shi, ɗaya kuma ki tsoma a kofin ruwa minti ɗaya ki goge ki gani ko gefen ya tashi. Ki gaya wa masu saye gaskiya takarda ce, a cire kafin wanka, kuma a shafa humra ko a fesa turare ya bushe kafin a sa, turare yana dusashe banish. Sarƙar ma ki kula, ƙarfe mai arha yana sa wa wasu ƙaiƙayi a wuya, zare mai kakin zuma ko igiyar fata sun fi lafiya kuma sun fi dacewa da abin tunda ba shi da nauyi. In kin yi na gaba ki turo min hoton gefen da na bayan, nan zan duba.