Amsa ga mai tambayar inda zai ɗauki hoton masunta da sassafe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kace kana so ka ɗau hoton fitowar rana akan ruwa tare da masunta, kana tambayar ina ne kusa da garin Kano kuma da wane lokaci. To ni dai dam ɗin Tiga zan ce maka. Dam ɗin Wasai yafi kusa, ta hanyar Minjibir, akwai masunta amma ruwan Jakara mai kwaso dattin cikin gari ne ke taruwa a can, sai ka yi ta fama da leda a cikin hoton. Tiga kuwa ruwa ne mai faɗi sosai, tun zamanin Audu Bako aka yi dam ɗin, 1974 aka gama shi.

Kar ka ce zaka taso daga Kano bayan sallar asuba, kafin ka wuce Kura rana ta fito, kayi asarar mai kenan. Ka tafi tun la'asar ka kwana a can, kuma wannan yammacin shine aikin gaba ɗaya wallahi, saboda a lokacin ne zaka je ka gaida Sarkin Ruwa ka gaya masa abinda ya kawo ka, ka zauna da masuntan kuyi hira su san fuskarka, ka ga inda suke shimfiɗa kalli, wato ragar da ake bari cikin ruwa, domin da yamma suke sawa su koma su ɗaga da asuba, kaga ka san inda zaka tsaya tun cikin duhu. Mutanen nan nema suka fito ba wasa ba, wanda ya faɗo musu da kyamara ba sallama juya masa baya suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Matan da ke zuwa sarin kifi a bakin gaɓa kuwa sai ka tambaya, in suka ce a'a ka sauke kyamarar.

Hasken da kake nema kamar minti 20 ne kafin ranar ta leƙo, da rabin awa bayan ta fito. Ƙarfe 8 ya riga ya yi kaifi. Ka tsaya yadda ranar zata kasance bayan masuncin, in waya ce ka taɓa sararin sama a sikirin ka ja hasken ƙasa, mutumin da kwale-kwalensa su fito baƙi ruwan ya yi ja. In kyamara ce kuma mai jefa birgi kake so, kar saurin shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, ya yi ƙasa da 1/500 na daƙiƙa, gara ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske, ka danne maɓallin ka ɗau da yawa a jere don buɗewar ragar ƙiftawar ido ce. Ka durƙusa kusa da ruwan, hoton tsaye baya daɗi.

Ni hunturu nafi so, Disamba zuwa Janairu, hazo na rage mata ƙarfi ta fito jajawur ga tururi kwance akan ruwa. Sai dai ƙura, kar ka canza gilashin kyamara a fili, kuma sanyi na cinye batir, ka sa na biyu a aljihu.

Dan Allah kar ka shiga jirgi ba rigar ruwa, kuma kar a cika shi. Duk mun tuna abinda ya faru a Bagwai a 2021, jirgin ruwa ya kife yaran Islamiyya da yawa suka rasu, Allah ya ji ƙansu.

In sun fito ka sayi ƙarfasa ko tarwaɗa a hannunsu ba tare da dogon ciniki ba, in zaka koma ka wanke musu hotunan ka tafi da su, yawanci ba wanda ke kai musu.