Yaranmu suna son wasan kasada irin na talabijin: me za mu kwaikwaya, me za mu bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Jidda. Yarana da na 'yan uwana sun kamu da kallon tsofaffin zangunan shirin Eish Safari na tashar MBC3, inda ake raba yara rukuni-rukuni suna gasar hawa da tsallake da neman abin da aka ɓoye. Yanzu sun matsa mana lamba sai mun shirya musu irinsa. Su 24 ne, daga ɗan shekara 8 zuwa 12, kuma za mu iya kama istiraha, wato gidan hutu na haya mai fili, duk ranar Asabar. Babban ɗana har ya fara maganar ɗaura igiya daga saman katanga ya zulalo. Me za mu iya yi, me kuma ya kamata mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Abin da kuke so mai yiwuwa ne, kuma zai yi daɗi. Amma bari mu fara da igiyar nan, don ita ce ta fi ɗaga mana hankali.

Abin da yaro yake gani a allo shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Kafin a bar ɗan takara ya taɓa igiya a irin waɗannan shirye-shirye, manya sun riga sun gwada ta, an san nauyin da take ɗauka, an duba inda aka kafe ta. Yaron yana sanye da ɗamarar da ta kama ƙugu da cinyoyi, da hular kwano, kuma akwai igiya ta biyu da za ta riƙe shi idan hannunsa ya kuɓuce. A gefe akwai mai ba da agajin gaggawa, akwai mai tarbarsa a ƙasa. Kyamara ba ta nuna su, ko kuma a yanke su wajen tacewa, domin mai kallo ya ji gabansa yana faɗuwa. Yini guda na ɗauka ana matse shi ya koma kashi ɗaya na shirin, an zubar da jira da hutu da shan ruwa da maimaitawa. Ki zaunar da ɗanki ki faɗa masa wannan dalla-dalla, har ki tsayar da hoton ki nuna masa ɗamarar a jikin yaran. Igiyar shanya da ƙarfen da ke jikin katanga ba a yi su don ɗaukar mutum ba, kuma tafin hannu ba ya jure zulala a kan igiya, nan take take saɓule fata. Ƙa'idarmu a wasan gida ita ce kada ƙafar yaro ta bar ƙasa fiye da santimita 60. Ko a filayen wasan yara na Turai daga wannan tsawon ne ƙa'idar tsaro take neman a shimfiɗa abin da zai tare faɗuwa.

Kuma ba hawan ne yake riƙe yara a gaban talabijin ba. Rukuni ne mai suna da launi, da maki da ke taruwa mako bayan mako, da wani abu a kulle da kowa yake ɗokin ganin an buɗe. Waɗannan uku duk ana iya kawo su istiraha ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Ku yi zango na Asabar huɗu. Ku raba yaran rukuni huɗu, shida-shida, kuma manya ne za su raba, kada a bar yara su zaɓi juna, don wanda aka bari a ƙarshe ba ya mantawa. A kowane rukuni a haɗa manyan yara biyu, matsakaita biyu, ƙanana biyu, a raba wa da ƙane idan an san suna yawan faɗa. Ƙyalle mai launi a ɗaura a dantse ya wadatar. Sunan rukuni kuwa a bar musu su raɗa da kansu.

Lokaci ya fi komai muhimmanci a Jidda. Idan da hali, ku jira tsakanin Disamba da Fabrairu. A watannin zafi, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, gwamnati da kanta takan hana ma'aikata manya aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, balle yaro mai gudu. Matsalar Jidda kuma ba zafin kaɗai ba ce, akwai danshin teku: gumi yana zuba amma ba ya bushewa, jiki kuwa ba ya hucewa sai gumi ya bushe. Don haka idan dole sai a hutun bazara, a koma bayan isha'i a filin da yake da fitila sosai, ko a shiga ɗaki mai na'urar sanyaya. A lokacin sanyi, tsakanin la'asar da magariba akwai awa biyu da 'yan mintuna. A yi salla, a fara, a gama kafin kiran magariba.

Minti 90 ya isa. Goma na farko na bayani ne da ɗaura ƙyalle. Sai tashoshi huɗu, kowane rukuni yana tasha ɗaya a lokaci guda, minti 12 na wasa, minti 5 na shan ruwa da sauya wuri, jimla minti 68. Sauran 12 na wasan ƙarshe ne wanda duka rukunan za su yi tare. Mutum ɗaya ne kawai zai riƙe agogo da usur. Za ku buƙaci manya goma: huɗu alƙalan tashoshi, huɗu masu bin rukunai, mai agogo, da mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai akwatin magani da ƙofa. Kada uwa ta bi rukunin da ɗanta yake ciki, rigima daga nan take tasowa.

Tashar farko rarrafe ce. A ja igiyoyi ko raga tsawon mita biyar, tsayinta daga ƙasa rabin mita, a kan ciyawa ko darduma. A ɗaure ta a ƙafafun kujeru masu nauyi ko jarkokin da aka cika da yashi. Kada a kafa turakun ƙarfe, don gwiwa takan sauka a kansu. Ana ƙirga sau nawa 'yan rukuni suka ratsa ba tare da sun taɓa igiya ba. Ta biyu ɗibar ruwa ce da soso: bokiti cike a nan, bokiti fanko a nisan mita takwas, yara suna gudu bi da bi, a ƙarshe a auna zurfin ruwan da rula. Wannan a kan yashi ko ciyawa kawai ake yin ta. Tayil ɗin istiraha idan ya jiƙe ya fi sabulu santsi, kuma ƙeya ce take fara isa ƙasa. Ta uku ƙetare kogi: a zana layi biyu, tsakaninsu mita goma, a ba yara shida tabarmi ƙanana huɗu, su ƙetare ba tare da ƙafar kowa ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya taɓa, duka a koma farko. A nan ne ake ganin yaron da ba shi da gudu amma yana da dabara, kuma sau da yawa ƙaramin cikinsu ne yake gano cewa dole na baya ya riƙa miƙo tabarma gaba.

Tasha ta huɗu ita ce muka fi so ki ba wa ƙarfi, wato ta kacici-kacici. Yaran da aka haifa a nan da yawansu sun fi karanta Larabci a kan Hausar boko, don haka kada a rubuta, a sa kaka ko wata gwaggo ta zauna ta faɗa da baki. Ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Idan sun gano tsintsiya ce, sai su ruga su nemo inda aka jingine tsintsiya, a ƙarƙashinta akwai takardar da za ta kai su ga tambaya ta gaba. Ta ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje," amsar wuta da hayaƙi, saƙon kuma yana ɓoye kusa da kaskon turaren wuta wanda ba a kunna ba. Tambaya biyar sun isa minti 12. Idan sun kasa bayan minti biyu, a ba su haske da kalma ɗaya ta Larabci amma a rage musu maki. A yi wannan tashar a cikin majalisi, wato ɗakin zaman baƙi, a rufe ƙofa, in ba haka ba rukunin da ke jira zai leƙo ya haddace maɓoyar. Kowace Asabar a canza tambayoyin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ku sa yara biyu ko uku da ba sa cikin gasar su gwada kowace tasha kuna duba agogo. Abin da ya fi ɓata irin wannan shiri shi ne tasha ɗaya ta ƙare a minti huɗu, wata kuma ta ƙi ƙarewa, sai yara shida su tsaya ba aikin yi, daga nan sai kokawa. Dokar da ba ta faɗuwa a jimla uku ta yi tsawo, a rage ta. Sannan rukunin da ya zo tashar ruwa a ƙarshe yakan tarar da ƙasa ta caɓe, don haka kowane mako a sauya tashar da kowane rukuni zai fara da ita. Da yake makonni huɗu ne, tashoshi huɗu, kowa zai ɗanɗana.

Maki kuwa a sauƙaƙe: a kowace tasha na ɗaya 4, na biyu 3, na uku 2, na huɗu 1, a ninka a wasan ƙarshe domin na baya ya san bai fita ba tukuna. Wasan ƙarshen yana iya zama ɗaukar ƙwallo a kan zane, yara shida sun kama gefe-gefe, su kai ta kwando a nisan mita 15. Ja-in-ja da igiya mun fi so a bar shi, domin yara sukan naɗe igiyar a hannu, kuma ta leda idan ta tsinke tana dawowa kamar bulala.

Kada ku kori kowa daga gasa. Gidan talabijin yana da dalilinsa idan ya rage 'yan takara, yana son mai kallo ya dawo mako mai zuwa. Ku kuwa yaron da aka fitar ɗan 'yar uwarki ne, zai zauna a gefe Asabar uku yana kallo, uwarsa kuma tana kallon ki.

Ruwan sha a lissafa shi, kada a bar shi ga wanda ya ji ƙishi. Shawarar likitocin yara ga ɗan shekara 9 zuwa 12 mai motsa jiki a zafi ita ce mililita 100 zuwa 250 duk minti 20. Ki ware lita ɗaya da rabi ga kowane yaro, wato lita 36. Idan kwalin ku mai kwalba 40 ne 'yar mililita 330, kwali uku ya ishi yara, na huɗu na manya. A rubuta sunan kowa a kwalbarsa, mai bin rukuni ya tabbatar an sha a kowane hutu.

Kafin ranar farko ki tambayi kowace uwa a keɓe ko ɗanta yana da sikila ko asma. A cikin danginmu wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba kowa yake faɗa a cikin taro ba. Mai sikila ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani da jiƙewa da ruwan sanyi duk suna iya tayar masa da ciwo, don haka a ba shi jagorancin tashar kacici-kacici da ƙirga wa rukuninsa, a ɗauke masa gudun soso. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, ya kasance a hannun mai bin rukuninsa, ba a jakar da ke cikin mota ba. Yaron da ya fara jiri ko amai ko ciwon kai a fitar da shi zuwa inuwa nan take. Idan ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, zafi ne ya buge shi: a cire masa kaya, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya kira lambar agajin gaggawa, 997 ko 911, a daidai lokacin. Kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa.

Yawancin istirahohi suna da wurin ninƙaya, kuma shi ne haɗarin da ya fi igiyar ɗanki. Yaro yana nutsewa shiru, ba ihu ba fantsama, a daidai lokacin da idon kowa yake kan gasa. Ku kama wadda wurin yake da shinge da ƙofa mai kullewa, makullin ya zauna a hannun mai akwatin magani. Idan babu shinge, a nemi wata. Bokitan ruwa ma a kife su da zarar an gama, saboda ƙannen da suke rarrafe.

Za a so ɗaukar bidiyo, tunda abin daga talabijin ya samo asali. A sa mutum ɗaya ya ɗauka, a nemi yardar iyayen kowane yaro tun farko, kuma ya tsaya a zauren WhatsApp na dangi. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Haka nan idan abin ya yi armashi har wani ya kawo shawarar a yi talla a sayar da tikiti, to ya tashi daga taron dangi, sai da lasisin Hukumar Nishaɗi ta ƙasa.

Sai abin da ke kulle. Ki sami akwati da kwaɗo mai lambobi huɗu, ki ajiye shi inda kowa zai gan shi tun Asabar ta farko. Duk mako, rukunin da ya fi maki a ranar shi ake raɗa wa lamba ɗaya a kunne. Da wuya rukuni guda ya tara duka huɗun, don haka a ranar ƙarshe dole su zauna su haɗa abin da ke hannunsu, rukunin da ya fi maki a zangon gaba ɗaya shi zai murɗa kwaɗon. A ciki a sa kyauta 24 iri ɗaya, da ƙarin abu guda shida na zakarun. Ki rubuta lambobin a wayarki, ki kuma gwada buɗe kwaɗon da safiyar ranar.