Kafin ka ɗaura wa gwiwa moto

Ka tambaye ni, yarona, tunda mun sa wa tebur moto biyu, na dama da hagu da na gaba da baya, me zai hana mu sa na uku a gwiwar injin sassaƙa ƙarfen nan, wato ɓangaren da ke ɗaga tebur sama da ƙasa, kwamfuta ta riƙa ɗaga ta tana saukewa, mu huta da juya hannu. Ana yi. Amma tsaya ka ji abin da za ka ɗora wa moton.

A injin Bridgeport irin namu, kwil, wato bututun da ke saukar da bakin yanka daga sama, tafiyarsa inci 5 ce kawai. Gwiwa kuwa tana tafiyar inci 16, shi ya sa take ba ka sha'awa. To amma kwil ba ya ɗauke da komai sai kansa. Gwiwa tana ɗauke da sirdin da tebur ke zaune a kai, da tebur ɗin, da bayis mai riƙe aiki, da ƙarfen da kake sassaƙa, ɗaruruwan kilo, duk a kan sukuru guda da notin tagulla. Ka ce za ka huda rami mai zurfi da ita, tana hawa tana sauka sau hamsin don fitar da ɓarɓashi, notin nan zai yi zafi ya cinye kafin ka ankara.

Je ka juya hannun ɗaga gwiwar ka duba ma'auninsa. Zagaye ɗaya yana ɗaga tebur kashi ɗaya cikin goma na inci, milimita 2.54. In kana son milimita 500 a minti, sai sandar hannun ta yi zagaye kusan 200 a minti. Ka sa bel da fuli uku bisa ɗaya, moto zai yi wajen 600, kuma siteffa, wato moton da ke juyawa taku-taku, ƙarfinsa raguwa yake yi in gudu ya ƙaru. Kada ka sayi moto da ka. Maƙala sikelin rataya a mariƙin, ka ja tebur na hawa, da bayis a kai. In ya nuna kilo 5 kuma tsawon hannun santimita 20 ne, kana neman wajen nutin-mita 10 a sandar. Ninka shi biyu, saboda ranar da mai ya bushe.

Na san abin da za ka ce: a cire tsohon sukuru a sa mai ƙwallaye, ya fi sulɓi. Sulɓin nan ne abin tsoro. Tsohon yana riƙe kansa, ka sake shi ya tsaya inda yake. Mai ƙwallaye, da wuta ta ɗauke nauyi zai juya shi, tebur ya zame ƙasa. Dole ne moton ya zo da birkin da ke kamawa da kansa in babu wuta, a kuma tallafi gwiwar da sandunan gas ko silinda ta iska su ɗauke mata rabin kaya.

Sai maganar wasa, wato ɗan juyin banza da ake samu in an sauya hanya. Nauyi kullum yana danne noti gefe ɗaya, saboda haka shi ba ya ba da wahala. Wasan yana cikin giya biyun nan da ke karya juyi daga kwance zuwa tsaye. Akwai kuma wanda ya fi shi ɓoyewa: ɗora agogon awo a gefen tebur, ka ɗaga kaɗan ka sauke. Za ka ga allura ta yi tsalle, gwiwar ce ke ɗan sunkuyawa in ta sauya hanya. Ka matse jib, siririn ƙarfen da ke riƙe gwiwa a kan hanyarta, da yawa moto ya sha wuya, ka sassauta ta yi rawa. Da hannu muna ɗaure makullin gwiwa kafin yanka. Kwamfuta ba ta san da makulli ba, ranar da ka manta shi a ɗaure, siteffa zai yi ta kuka yana ɓatar da taku, lissafi ya rikice.

Ni dai a kwil zan sa motonmu na uku. Gwiwa a bar mata tsohon sukurunta, a ba ta moto na huɗu, wanda a LinuxCNC, manhajar da ke tuƙa inji, za ka kira W, don kai tebur wuri in an canja dogon baki da gajere. Ta riƙa isa wurin daga ƙasa, tana hawa. Sa mata makunnin iyaka sama da ƙasa.

Hannun juyawar kuma ka zare shi tun kafin gwajin farko. Daidai cinyarka yake, kuma zagaye 200 a minti zai riƙa yi.