Kafin Ka Taɓa Fanel Ɗin Injin Wankin Nan

Ɗana, na ji tambayarka a kan injin wankin gwanjon da Hajiya ta aiko, mai ƙofa a gaba. Ka ce yana ɗibar ruwa, ya juya kaya, sai ya tsaya cak da ruwa a cikinsa, ga kuma wari. Kana ganin fanel ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ya ƙone, a je Sabon Gari a nemo wani. A'a, bar wa Hajiya kuɗinta tukuna. Fanel yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin injin, kuma shi ake zargi daga ƙarshe. Injin da ya san lokacin ɗibar ruwa da lokacin juya ganga, galibi ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Yawancin ciwon irin waɗannan injuna datti ne, sai kuma abin da ya cinye saboda tsufa.

Duk injin gwanjo da ya shigo shagon nan, fara karanta takardar da ke liƙe a bayansa ko a bakin ƙofa. Na Turai wutarsu 220 zuwa 240 ce, daidai da tamu. Na Amurka yawanci 120 ne, na Japan 100. Ka cusa ɗayan waɗannan a soket ɗinmu, to a lokacin ne fanel zai ƙone da gaske, kuma da hannunka.

Zare fulogi. Ba kashe makunni na ce ba, zare shi daga bango. Sai ka buɗe ƙofa ka sa hannu ka juya gangar. A nan ake yanke hukunci ko injin ya cancanci wahala, don haka kada ka yi gaggawa. Lafiyayyar ganga tana juyawa sumul, ba ka jin komai sai ɗan motsin bel. In ka ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar ganga ke juyawa a cikinsa, ya tafi. Kama leɓen gangar daga sama, ka ɗaga ka saki. Bai kamata ta yi wasa ita kaɗai ba tare da babbar robar da ke riƙe da ita ba. Daga nan kwance murfin baya ka haska fitila ƙasan fulin da bel ke hawa. Ka ga layin tsatsa ja ya gangaro? Sil ne, wato robar da ke tare ruwa, ya saki, ruwa ya shiga boris ya wanke giris. Boris kansa ba tsada gare shi ba, 6205 ko 6206 ne a da yawansu, lambar tana rubuce a jikinsa. Wahalar ita ce sai ka wargaza injin gaba ɗaya, har da siminti mai nauyin da aka ɗaura masa don kada ya riƙa tsalle. Kuma wasu sababbin ƙira an narke robar gangar an haɗe ta, babu noti ko ɗaya da za ka kwance. Akwai masu yanka ta da zarto su mayar da gam da ƙusoshi. Ni ba na son aikin nan, domin ranar da ya fara yoyo sunan shagonmu za a kira. In kuma ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe da gangar ta baya ya rube ya karye, gaya wa mai kaya gaskiya tun kafin ya kashe ko sisi.

In ganga lafiya take, sauko ƙasa ta gaba, galibi ta hannun dama. Akwai wata 'yar ƙofa, bayanta akwai murfi mai murɗawa: matatar famfon zubar da ruwa ke nan. Kada ka murɗe ta kai tsaye, ruwan da ke ciki zai malale shagon. Shimfiɗa tsumma, kawo faranti mai faɗi, in akwai siririn tiyo a gefe ka cire toshiyarsa ruwan ya tsiyaye a hankali. Sannan ka zaro matatar. Za ka sha kallo: sulallan ƙasar da injin ya fito, maɓalli, fil ɗin gashi, safar jariri, duk sun cakuɗe da zare da baƙin yauƙi. Sa yatsa cikin ramin ka taɓa 'yar farfelar famfon. Ya kamata ta juya tana ɗan tirjewa tana saki, saboda maganaɗisun da ke ciki. In ta cije, wani abu ya naɗe ta. In tana yawo sakwa-sakwa a kan sandarta, famfo ya mutu, a saya wani. Duba tiyon da ke fitar da ruwa ma, ko ya lanƙwashe ko ya toshe. Kuma ka riƙe wannan: injin ba zai taɓa yarda ya matse kaya ba muddin yana jin ruwa a cikinsa, shi ya sa mutane ke zuwa suna cewa moto ya lalace alhali safa ce ta tare hanya.

In ka ga ganga ta ƙi juyawa sam, ko moto yana tartsatsi, duba burosh biyu na gawayi da ke jikin moto. Sun gaza santimita ɗaya, canza su. Irin LG ɗin nan da moto ke manne da ganga ba su da bel ba su da burosh, kada ka ɓata lokaci kana nema. Ka kuma bi wayoyi da ido, domin injin da ya daɗe a sito ɓera ya riga mu dubawa.

Sai wari. Tura robar bakin ƙofa baya da yatsa ka leƙa cikin ninkin. Baƙin da ka gani fumfuna ce. Goge ta da tsohon buroshin haƙori da ruwan Hypo da aka sirka, ka ɗauraye sosai, ka tabbata ƙananan ramukan da ke ƙasan robar a buɗe suke. In robar ta tsage, wanki ba zai yi mata magani ba. Zaro aljihun zuba omo gaba ɗaya, akwai ɗan harshe da ake dannawa. Jiƙa shi, ka goge rufin ramin da ya fito, nan ma fumfuna ke ɓuya. Bayan haka ka zuba garin sitirik asid, irin wanda masu haɗa lemo ke saya, kamar giram 100, ka kunna wankin zafi na digiri 60 ko 90 ba kaya a ciki. Shi ke narkar da farin dutsen da ruwa mai gauri ke tarawa a jikin hita. Amma ka ji ni da kyau: asid da Hypo ba sa haɗuwa. Suna haɗuwa suke fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Gama da ɗaya, ɗauraye, sannan ka ɗauko ɗayan. In gilashin ƙofa bai yi ɗumi ba bayan kamar rabin awa, zare fulogi ka auna hita da mitar gwada lantarki. Lafiyayya tana nuna om 20 zuwa 30.

Ranar kai kaya kai za ka bi shi gidan. Duba tankinsu, domin injunan Turai an yi su ne don famfo mai ƙarfi, kuma sai tanki ya kai tsayin mita 10 yake ba da ƙarfin bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa). In nasu a kan rufin bayi yake, ruwa zai riƙa shiga a hankali har injin ya gaji ya nuna alamar matsala. Ƙaramin famfon turi ne maganinsa. Wanke 'yar ragar da ke bakin shigar ruwa, yashin rijiyar burtsatse na toshe ta. Tabbatar soket yana da wayar ƙasa, wadda ke kare mutum daga jan wuta, ka daidaita ƙafafun injin har ya daina rawa. Ka gaya wa Hajiya hitarsa na jan kusan wat 2000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, in a kansa za ta yi wanki ta zaɓi ruwan sanyi. Omo kaɗan, marar yawan kumfa, kuma in an gama wanki a bar ƙofar da aljihun omo a buɗe su sha iska.