Kafin ki saya wa 'yarki littattafan da suka ci ƙuri'ar bana

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarki, cewa kin ci karo da jerin littattafan matasa da masu karatu suka zaɓa a matsayin waɗanda suka fi burge su a bana, kina so ki sayi biyar na sama ki ba 'yarki mai shekara 14 ta yi hutu da su, shi ne kike tambaya ko irin wannan jeri abin dogaro ne. Na ga masu cewa ki saya kawai, na kuma ga masu cewa ki raba ta da littattafan ƙagaggun labarai gaba ɗaya. Ni ba na tare da kowannensu. Ki yi haƙuri da ni, zancen nawa zai ɗan ja, domin shekarata 11 ke nan ina kula da ɗakin karatu na wata makarantar sakandare, kuma wannan abin da kike shirin yi na taɓa yin sa da hannuna.

Shekarar da aka fara damƙa mini kuɗin sayen sababbin littattafai, ɗoki ya kwashe ni. Na buɗe irin wannan jeri, na kwafe goma na sama, na sa aka kawo su duka. Na jera su a kantar da ke bakin ƙofa, har da 'yar takarda mai cewa waɗannan su ne zaɓin shekara. Zango guda ya wuce, na ɗauko rajistar aro na duba. Shida daga cikinsu kusan ba wanda ya taɓa su, bangonsu na sheƙi kamar ranar da suka zo. Biyu ashe ci gaban labari ne, na uku da na huɗu a jerinsu, mu kuwa ba mu da na farko, yaro ya buɗe ya tarar ana tsakiyar yaƙin da bai san mafarinsa ba. Ɗaya kuma shi ya ja mini zama a ofishin shugabar makaranta, bayan da wata uwa ta zo da shi a hannu, ta buɗe mini wani babi da ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Yarinyarta shekararta 13. Ban ga laifin uwar ba ko kaɗan, laifina ne, cinikin biri a sama na yi. Guda ɗaya ne tak ya karɓu, shi ma ba na ɗaya ba ne a jerin, yana can wajen na takwas.

Daga nan ne na fara tambayar da ya kamata in yi tun farko: su wa suka jefa ƙuri'ar nan?

Mafi shahara a irin wannan zaɓe shi ne na Goodreads, wani dandalin intanet na masu karatun littattafai. An buɗe dandalin a 2007, kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, zaɓen gwarzon littafin shekara kuwa tun 2009 suke yin sa. A watan Nuwamba ake kaɗa ƙuri'a, a farkon Disamba a fitar da sakamako, kuma akwai rukunin matasa, inda ake ware labaran rayuwa ta zahiri daban, na tatsuniya da ƙagen kimiyya daban. Duk mai rajista a dandalin yana da ƙuri'a. Ba a tambayar shekarunsa kafin ya zaɓi littafin matasa, ba a kuma tambayarsa ko ya karanta sauran littattafan da ke takarar. Ki kwatanta: an jera littattafai 20, mutum ya karanta biyu a ciki, ko ma ɗaya. Wanne zai zaɓa? Wanda ya sani mana. To littafin da aka fi sani shi ne wanda kamfanin ɗab'insa ya fi kashe kuɗin talla, ko wanda marubucinsa ke da tarin mabiya, ko wanda ya riga sauran fitowa a shekarar har ya samu lokacin zagayawa. Ba cewa nake littafin da ya ci ba shi da kyau ba, sau da yawa yana da shi. Amma abin da ƙuri'ar ta auna shi ne yawan waɗanda suka san shi, sarkin yawa kuwa an ce ya fi sarkin ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne gano cewa yawancin masu sayen littattafan matasa ba matasa ba ne. Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan da aka yi domin 'yan shekara 12 zuwa 17 mutane ne da suka kai 18 ko suka haura, kuma mafi yawa a cikinsu 'yan shekara 30 zuwa 44 ne. Kada ki ce ai iyaye ne ke saya wa 'ya'yansu, galibinsu sun ce wa kansu suke saya. Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin littattafan nan. Sai dai abin da ke taɓa zuciyar mace mai shekara 35 daban yake da abin da ke taɓa ta 'yar 14. Mu manya muna karantawa ne muna tuna baya, su kuwa suna cikin abin tsundum. Kuma idan manya ne ke riƙe da kasuwa, dole marubuta da kamfanoni su karkata wajensu: sai jarumar labarin ta zama 'yar 17 ko 18, soyayyar ta ƙara zafi, littafin ya ƙara kauri, amma har yanzu tambarin matasa ne a jikinsa. Tun wajen 2020 kuma da masu tallar littattafai suka mamaye TikTok, abin da suke kira BookTok, sai lamarin ya ƙara cakuɗewa, domin a bidiyo ɗaya za ki ga an haɗa littafin yara da na manya zalla, bangonsu iri ɗaya, zane mai launi mai kyau kamar ba komai a ciki. Bango ya daina zama shaida.

Ita kanta kalmar matasa tana da faɗi. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka tana nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 da ita. Ke uwa ce, kin fi ni sanin tazarar da ke tsakanin yarinyar da ta shiga aji ɗaya na sakandare da wadda ke shirin fita. Shekara shida ce a lissafi, amma a hankali da abin da zuciya ke iya ɗauka kamar duniya biyu ce.

Akwai wasu jerin da na fi sakin jiki da su. Reshen matasa na waccan ƙungiya ta Amurka yana da zaɓen da ake kira Teens' Top Ten, inda ƙungiyoyin karatu na matasa ke gabatar da littattafan, matasa kuma su kaɗa ƙuri'a. Suna kuma da lambar yabo ta Printz, wadda aka fara bayarwa a 2000, ita kuwa kwamitin ma'aikatan laburare ne ke zama ya duba ingancin rubutu, ba ruwansa da ciniki. A Birtaniya akwai lambar Carnegie tun 1936, kuma abin da nake so da ita shi ne, bayan zaɓin alƙalai, ɗaliban da suka bi littattafan takarar suna karantawa a makarantunsu su ma suna fitar da nasu gwani. Wata shekarar su dace da alƙalan, wata shekarar su saɓa. Idan na ga littafi ya fito a zaɓen jama'a, ya kuma fito a ɗaya daga cikin waɗannan, to ina ɗaukarsa da muhimmanci. Amma ko su ba na bin su ido rufe. Littafin da alƙalai suka yaba yakan zo da nauyi, ya taɓo mutuwa ko cin zarafi ko ciwon ƙwaƙwalwa, kuma na sha ganin mai lambar zinariya a bango yana kwana a kanta shekara guda.

Yanzu bari in gaya miki inda nake samun jerin da ban taɓa ganin ya yaudare ni ba. Ƙarshen kowace shekara nakan bi kantoci ina zaro littattafan da suka ji jiki: wanda bangonsa ya rabu na manne da gam har sau biyu, wanda gefen shafukansa ya yi baƙi, wanda ake zuwa a ce mini "Malama, idan an dawo da shi ki ɓoye mini." Akwai ma wanda ba ya dawowa kanta sam, daga hannun wannan sai hannun waccan, ni dai sunan mai aro kawai nake canzawa a rajista. Muna kuma yin namu ɗan zaɓen, da sharaɗi biyu: ba ki zaɓar littafin da ba ki gama ba, kuma sai kin faɗi dalili ko da jimla ɗaya ce. Dalilan nan su ne abin karantawa. Ba su taɓa cewa salon marubucin ya ƙayatar ba. Sai dai ki ga an rubuta cewa yarinyar cikin labarin tana fushi da mahaifiyarta kuma tana sonta a lokaci guda, ko cewa wannan ne littafin farko da aka karanta har ƙarshe ba don jarrabawa ba.

Wanda ya ci a wurinmu bara ɗan siriri ne, an rubuta shi da gajerun layuka kamar waƙa, labarin wani yaro ne da ke jinyar mahaifinsa yana ɓoye wa abokansa. Ba ya cikin goman farko na kowane babban jeri da na gani. Abin da ya ɗaga shi, yaran da ke tsoron littafi mai kauri sun ga shafi da fili, sun gama shi a kwana biyu, suka ji ashe su ma za su iya. Haka nan samarin da ke rantsuwa ba sa karatu, ki ba su labari mai zane-zane ki ga yadda za su yi tsit. Na daina raina irin waɗannan tuntuni. Da yawa daga cikin masu cinye manyan littattafai a yau ta nan suka shigo.

To ga abin da zan yi da ni ce ke. Jerin nan kada ki yar da shi, ki ɗauke shi kamar rumfar da aka baje kaya, kina dubawa ne ba a ɗaura miki ba. Ki fara cire duk wanda ci gaban wani ne, sai in ta karanta na farkon. Sannan ki nemi shekarun jarumar labarin, yawanci yana cikin bayanin da ke bayan littafi ko a babin farko. Yara suna son karanta labarin wanda ya ɗan girme su da shekara ɗaya ko biyu, don haka 'yar 15 ko 16 daidai ce da 'yarki. Idan kin ga 18 ko an ambaci jami'a, ki dakata ki bincika. Wajen duba sharhin masu karatu a intanet kuma, ki tsallake masu ba da taurari biyar, ɗoki ne ke magana, ki tsallake masu tauraro ɗaya, haushi ne. Masu taurari uku su ne ke zama su faɗi abin da ke ciki dalla-dalla, har da abin da ya dame su. In littafin ya zo hannunki, kada ki tsaya a babin farko, marubuta sun san ana duba shi. Ki buɗe wajen kashi biyu cikin uku, nan ne labari ke kaiwa maƙura, duk abin da zai sa ki ɗaure fuska a nan yake zaune. Minti 20 ya ishe ki.

Biyar kuma sun yi yawa a tashi ɗaya. Ki tace uku da hankalinki ya kwanta da su, ki nuna mata, ta ɗauki ɗaya ko biyu da kanta. Littafin da yarinya ta zaɓa da hannunta ta fi gama shi, wanda aka miƙo mata kuwa yakan yi kama da aikin gida ko da ya fi daɗi. In ta yi shafi 50 ta ce bai shige ta ba, ki bar ta ta ajiye, kada ki ce ai an kashe kuɗi. Na ga yaran da tilascin gama littafi guda ya raba su da karatu shekara biyu. Kuma don Allah kada ki tsare ta da tambayoyi irin na aji, wane darasi kika koya, mene ne jigon labari. In kina son ta buɗe baki, ki karanta shi ke ma, ki ce mata ke kam wance ta ba ki haushi a babi na tara. Za ki ga yadda za ta taso tana kare ta, daga nan hira ta ɓarke, har ki ji abubuwan da ba za ta taɓa faɗa miki kai tsaye ba.

Wani abu da iyaye ke yawan kawo mini ƙara a kai: ta koma tana maimaita littafi ɗaya sau huɗu, ga sababbi a ajiye. Ki ƙyale ta. Wannan shi ne gwarzon shekararta, ko da ya fito shekara goma da suka wuce. Mu ne muka damu da na bana, ita ba ruwanta da ranar da aka buga shi.

Abin da ban ji a tambayarki ba shi ne ita yarinyar me take so. Ki tambaye ta littafi na ƙarshe da ta karanta har ta ƙi jin kiran da ake mata, da kuma wanda ta fara ta watsar, da dalilin watsarwar. Ki dawo ki faɗa mini waɗannan biyun tare da sunayen biyar ɗin da kika gani, in sha Allahu zan duba rajistata in gaya miki wanda 'yan ajinta suka yi rububi a kansa da wanda har yau bangonsa ke sheƙi.