Hukuncin sayar da tsohon babur na Ingila da aka sauya wa inji

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina zaune a Birmingham ta Ingila. Na sayi tsohon babur ƙirar BSA M20 na 1938 duk ya yi tsatsa, na gyara shi ya dawo kamar sabo. Injinsa na asali ya fashe, sai na ɗora masa na irin waɗanda aka ƙera wa soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ina so in kai shi gwanjo haɗe da akwatuna biyu na kayan gyara, in rubuta cewa na 1938 ne, an sayar a yadda aka gan shi. Ribar tana da yawa ƙwarai. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yawan riba ba laifi ba ne, shari'a ba ta yanka mata iyaka ba, kuma gwanjo halas ne. Matsalar tana wurin da ka ambata a gurguje, ɗan'uwa, wato injin nan.

Kai ka fi ni sanin abin da masu tara tsofaffin babura suke biya wa kuɗi. Ba gudu suke saya ba, ba fenti ba. Mutum yakan durƙusa da tocila ya karanta lambar da aka buga a jikin inji, ya gwada ta da ta ƙarfen jikin babur. An fara ƙera M20 a 1937, a masana'antar BSA da ke Small Heath nan garinku, kuma na kafin yaƙi ba su da yawa. Na soja kuwa, masu lamba WM20, an yi fiye da dubu 120. Saboda haka kalmar "na 1938" ita ce take ɗaga farashi, alhali rabin babur ɗinka ba na 1938 ba ne. Wajibi ne ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro a tallan, kuma ka tabbata lambar injin da ke takardar rajista ita ce ta wanda yake jiki yanzu. Yin shiru algus ne.

Na san abin da za a ce maka: ai ka rubuta "a yadda aka gan shi", kuma Hanafawa sun inganta ciniki da sharaɗin kuɓuta daga kowane aibi, ko da mai sayarwa ya san shi. Wannan ba mafaka ba ce gare ka. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da irin wannan sharaɗi, mai saye ya dawo yana ƙorafin ciwo, aka kai ƙara wurin Usman ɗan Affan. Usman bai ce sharaɗi ya raba gardama ba. Cewa ya yi ɗan Umar ya rantse bai san da ciwon ba lokacin ciniki. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi 1500. Da sharaɗin yana wanke aibin da aka sani, me zai kawo rantsuwa? Kai kuma ba ka da bakin rantsuwa, tunda da hannunka ka ɗaure injin. Sannan su Hanafawan maganarsu a kan ko alƙali zai warware ciniki ne, ba su ce ɓoye aibi babu zunubi ba. Bugu da ƙari, abin da ke gabanmu ya ma wuce babin aibi. Siffa ce ka ambata wadda aka biya kuɗi dominta, aka tarar babu ita, kuma a nan har a mazhabarsu mai saye yana da zaɓin mayar da kaya. Mutum bai yafe haƙƙin da bai san yana da shi ba.

Akwatunan nan ma kada ka miƙa su a rufe, ba a cinikin biri a sama. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa abin da za a iya ƙirgawa ba tare da wahala ba, ba a sayar da shi a kintace. Kusoshi da ƙananan tarkace a haɗa su, babu komai. Amma kafireta, giya, tanki, kowanne da kuɗinsa: zazzage su, ka ɗauki hoto, ka bambance na asali da sabon ƙira, mai aiki da matacce.

Ranar gwanjo kada ka turo aboki ya riƙa tayawa don farashi ya hau. Najashi ke nan, an hana shi. Ka kuma gaya wa mai saye gaskiyar birkin, domin na wancan zamani ba ya kamawa kamar na yanzu, kuma rai za a ɗora a kai.

Ba ka tambayi zakka ba, amma in da niyyar sayarwa ka saye shi tun farko, hajar kasuwanci ce. A mazhabar Malik, mai ajiye haja yana jiran kasuwa zakkar shekara ɗaya zai fitar ranar da kuɗin suka shigo hannunsa, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo wa jarin. In don sha'awa ka saya, sai kuɗin sun shekara a wurinka.

Wallahu a'alam.